Studio 60: Tsohon Wasan da ke Nuna Yadda Ake Rufe Bakin Mai Barkwanci a Talabijin ɗin Amurka

A 2025 abubuwa biyu sun faru a talabijin ɗin Amurka da suka ɗaure wa masu bin labaran ƙasar kai. A watan Yuli gidan CBS ya sanar da cewa zai rufe shirin dare na Stephen Colbert a watan Mayun 2026, alhali shirin ne ke kan gaba wajen yawan masu kallo a sa'ar da yake fita. A ranar 17 ga Satumba kuma ABC ta dakatar da shirin Jimmy Kimmel saboda maganar da ya yi bayan kisan Charlie Kirk, matashin ɗan gwagwarmayar masu ra'ayin riƙau, sannan ta dawo da shi ranar 23 ga watan. Ba a kama kowa ba, ba a kai kowa kotu ba, babu kuma hukumar da ta fitar da takardar haramci. To wa ya cire su? Ina kuma 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin ƙasar ya tanada tun 1791?

Akwai wani wasan kwaikwayo da ya zayyana yadda irin wannan ke faruwa tun shekara 19 kafin nan. Sunansa Studio 60 on the Sunset Strip, kuma a tarihin talabijin ana lissafa shi cikin manyan shirye-shiryen da aka ɗora wa buri suka faɗi. Zango ɗaya ya yi, kashi 22, daga 18 ga Satumban 2006 zuwa 28 ga Yunin 2007. Sake kallonsa a yau yana buƙatar a raba tambayoyi biyu da aka saba cakuɗawa: me ya kayar da shi a matsayin wasa, da kuma ko abin da ya faɗa game da sana'ar gaskiya ne.

Wane irin shiri ake magana a kai

Amurkawa suna da wani nau'in shiri na gajerun wasannin barkwanci da ake yi kai-tsaye a gaban 'yan kallo sau ɗaya a mako. Uban tafiyar shi ne Saturday Night Live, wanda Lorne Michaels ya fara a gidan NBC a birnin New York ranar 11 ga Oktoban 1975, kuma har yanzu yana nan. Cikin kwana shida ake rubuta wasannin, a karanta su, a zubar da mafi yawansu, a gina wuraren ɗauka, a gwada, sannan a fita daren Asabar babu damar gyara. Shugaban ƙasa mai ci da manyan 'yan siyasa su ne abincinsa na kullum.

Studio 60 ba shirin barkwanci ba ne. Wasan kwaikwayo ne na sa'a guda a kan mutanen da ke shirya irin wancan shiri: marubuta, 'yan wasa, masu kula da na'urori da shugabannin gidan. Shirin da suke yi a cikin labarin ƙirƙirarre ne, yana fita daren Juma'a daga Los Angeles a wani ƙirƙirarren gida mai suna NBS. Wanda ya rubuta shi Aaron Sorkin ne, mai The West Wing, wasan da ya nuna bayan fagen fadar White House kuma ya ci kyautar Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo shekara huɗu a jere, daga 2000 zuwa 2003. Abokin aikinsa Thomas Schlamme ne ya jagoranci ba da umarni.

Akwai wani bambanci da sai an riƙe shi za a fahimci sauran bayanin. NBC ta Amurka kamfanin kasuwanci ne, ba ta da alaƙa da hukumar NBC ta Najeriya mai kula da kafafen yaɗa labarai. Mai irin wannan aiki a Amurka ita ce FCC, wadda aka kafa a 1934. Kuma FCC ba manyan gidaje irin su NBC, ABC da CBS take ba lasisi ba. Tashoshin garuruwa take ba, kowacce na shekara takwas. Babban gidan ya mallaki kaɗan daga cikinsu, sauran kuwa na wasu kamfanoni ne da suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar shirye-shiryensa. Kamar babban ɗan kasuwa ne mai kawo kaya da masu rumfuna da ke sayar masa: takardar rumfa a hannunsu take, in hukumar kasuwa ta fusata su za ta fara taɓawa, don haka suna iya cewa wannan kayan ba zai shiga rumfarsu ba.

Daƙiƙa 53

Kashin farko ya buɗe ne ana saura 'yan mintuna a fita. Jami'in da gidan ya ɗora wa tace abin da zai fita ya tsaya kai da fata cewa sai an cire wani gajeren wasan barkwanci da ke zolayar masu tsattsauran ra'ayin Kiristanci, domin tsoron ƙorafin ƙungiyoyin addini. Wes Mendell, dattijon da ya kafa shirin shekara 20 da suka wuce, ya yi gardama, ya sha kaye. Ana fara shirin sai ya taka cikin fage, ya sallami 'yan wasan da ke kwaikwayon shugaban ƙasa da mataimakinsa, ya dubi kyamara ya ce wa jama'a su sauya tasha. Daga nan ya shiga zazzaga wa gidan da sana'ar baki ɗaya: an mayar da talabijin wurin tsoro da kwaɗayi, tsakanin gudun fushin hukuma da gudun ƙauracewar masu talla. A ɗakin sarrafa na'urori jami'in tacewa yana ta ihu a katse shi, daraktan shirin kuma, Cal, yana jan ƙafa da sanin cewa aikinsa ne a bakin layi. Daƙiƙa 53 ya bar shi yana magana kafin ya katse. Wasan bai ɓoye inda ya samo wannan ba, domin 'yan jaridar da ke cikin labarin su da kansu sun kwatanta abin da fim ɗin Network na 1976, inda wani mai karanta labarai ya yi irin wannan zazzaga kai-tsaye a talabijin.

An kori Wes a daren. Sabuwar shugabar sashen shirye-shirye, Jordan McDeere, wadda Amanda Peet ta fito a matsayinta, ta ga hanya ɗaya ce za ta wanke gidan: a dawo da mutum biyun da aka matsa wa suka tafi shekarun baya. Su ne marubuci Matt Albie, wato Matthew Perry, da furodusa Danny Tripp, wato Bradley Whitford. Danny ya faɗi gwajin ƙwaya, kamfanonin inshora ba za su tsaya masa ya yi fim ba na wani lokaci, don haka ba shi da wani zaɓi. Matt kuwa zai dawo ya tarar da tsohuwar budurwarsa Harriet Hayes, tauraruwar shirin kuma Kirista mai riƙo da addini, wadda suka rabu bayan ta je ta yi waƙa a shirin mai wa'azi Pat Robertson. A samansu duka akwai Jack Rudolph, shugaban gidan, wanda aikinsa shi ne ya riƙa tuna wa kowa cewa kuɗi ne ke juya komai.

A ofishin Matt akwai wani agogo a bango mai ƙirga kwanaki da sa'o'i da daƙiƙun da suka rage kafin fita ta gaba. Da an gama shirin Juma'a sai ya koma farko. Wannan agogo ya fi kowace doguwar magana a wasan nuna halin da marubucin irin wannan shiri yake ciki.

Ƙasar da wasan ya fito daga cikinta

Sorkin bai ƙirƙiri tsoron da Wes ya yi magana a kansa ba. Tun 1969 CBS ta rufe shirin barkwancin 'yan'uwan Smothers bayan doguwar taƙaddama kan zolayar yaƙin Biyetnam da addini. Ikon FCC na hukunta kalaman batsa ma daga bakin mai barkwanci ya samo ƙarfinsa: wata tashar rediyo a New York ta sa faifan George Carlin da rana a 1973, wani uba ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta goyi bayan hukumar a 1978. Dokar ta shafi abin da ake watsawa ta iska ne daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. Ba ta hau kan tashoshin da ake biyan kuɗi kafin a kalla ba.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 iska ta sauya. Bill Maher ya yi wata magana kan maharan a shirinsa na ABC, manyan masu talla suka janye, wasu tashoshi suka daina ɗaukar shirin, a 2002 aka rufe shi. A cikin Studio 60, irin wannan yanayin ne ya yi waje da Matt da Danny tun farko. Sai kuma abin da ya faru a watan Fabrairun 2004, lokacin da jikin mawaƙiya Janet Jackson ya bayyana na ɗan ƙiftawar ido a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka. FCC ta ci tarar CBS dala 550,000. A watan Nuwamban wannan shekara tashoshi 66 masu ɗaukar ABC suka ƙi nuna fim ɗin yaƙi na Saving Private Ryan saboda ashar ɗin sojojin da ke ciki, duk da cewa an taɓa nuna shi a baya ba tare da matsala ba. A watan Yunin 2006, wata uku kafin Studio 60 ya fara fita, Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta ninka mafi girman tara sau goma, daga dala 32,500 zuwa 325,000 kan kowane laifi.

Daga baya kotu ta soke tarar da aka ci CBS, kuma a 2012 Kotun Ƙoli ta ƙi sake duba batun. Amma shekara takwas aka kwashe kafin a kai nan, kuma a tsawon wannan lokaci gidajen sun riga sun koyi tace kansu. Wannan shi ne ginshiƙin labarin Sorkin. A tsakiyar zangon, NBS ta fuskanci tara mai nauyi saboda wani soja ya yi ashar a rahoton kai-tsaye daga Afganistan lokacin da roka ta fashe kusa da shi. Masu hannun jari suna so a biya a wuce wurin, domin uwar kamfanin tana neman kammala wata babbar harka a Macau ta ƙasar Sin, kuma ba ta son rigima da gwamnati.

Me ya kayar da shi

A 2005 NBC da CBS sun yi takarar sayen wasan tun yana kan takarda, NBC ta yi nasara da tsada. Rahotannin lokacin sun ce kowane kashi yana cin kusan dala miliyan 3. Fitar farko ta samu masu kallo sama da miliyan 13, amma cikin 'yan makonni adadin ya sauko ƙasa da miliyan 8. Abin da ya ƙara tona asirinsa shi ne Heroes, sabon wasan da ke fita gabansa a daren Litinin, yana tara jama'a, da ya ƙare sai miliyoyi su sauya tasha. A watan Fabrairun 2007 aka ɗauke shi daga jadawali, a watan Mayu aka tabbatar ba za a yi zango na biyu ba, sauran kasusuwan aka ƙarasa su a farkon bazara.

Yawan masu kallo kaɗai bai isa bayani ba, kuma 30 Rock ne hujja. A wannan kaka ɗin, a wannan gidan, NBC ta fara wani shiri na biyu a kan bayan fagen shirin barkwanci, na Tina Fey, ranar 11 ga Oktoban 2006. Masu hasashe da yawa sun ɗauka na Sorkin ne zai rayu. A zangon farko 30 Rock bai ma kai Studio 60 yawan masu kallo ba, amma ya yi zango bakwai, kashi 138, har zuwa Janairun 2013, ya kuma ci Emmy ta gwarzon shirin barkwanci a 2007, 2008 da 2009. Dalilin farko na lissafi ne. Rabin sa'a ne, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma kamfanin NBC na cikin masu mallakarsa, don haka duk ribar sake sayar da shi nan gaba za ta dawo gida. Studio 60 kuwa na Warner Bros. ne, NBC haya kawai take biya. A watan Oktoban 2006 NBC Universal ta sanar da shirin rage kashe kuɗi da dala miliyan 750 da kuma rage ma'aikata kusan 700. A irin wannan yanayi shiri mai tsada na wani kamfani shi ne farkon wanda wuƙa za ta hau.

Akwai kuma batun awo. Masu kallon Studio 60 sun fi yawa cikin masu hali da masu ilimi mai zurfi, kuma da yawansu naɗar shirin suke yi su kalla daga baya. A lokacin kuɗin talla ya dogara ne kusan kacokan kan wanda ya kalla a sa'ar da aka watsa. Sai a kakar 2007 aka koma tsarin da ke lissafa waɗanda suka kalli tallar cikin kwana uku, lokacin an riga an rufe wasan.

Dalili na biyu na cikin rubutun ne, kuma nan ne masu suka suka fi ƙarfi. Wasan ya yi ta gaya wa mai kallo cewa Matt haziƙi ne wanda babu kamarsa, cewa Harriet ta fi kowa iya ba da dariya, amma gutsattsarin wasannin da aka nuna ba su tabbatar da hakan ba. A kashi na biyu, abin da Matt ya fito da shi don ceto shirin waƙa ce da aka ɗora kan karin wani wasan waƙe na Ingila na ƙarni na 19, kuma 'yan kallon cikin labarin suka tashi da tafi. Mutane da yawa da suka san sana'ar sun ce babu shirin matasa na daren Juma'a da zai yi haka ya tsira. Gajeren wasan da aka cire a kashin farko, wanda duk rigimar ta taso a kansa, ba a taɓa nuna shi ba. Tina Fey kuwa ta shekara tara a Saturday Night Live, ta zama mace ta farko da ta shugabanci marubutansa a 1999, kuma ta zaɓi hanyar da ta fi sauƙin tsayawa: shirin da ke cikin 30 Rock an yi shi da gangan ya zama maras kyau, dariyar tana cikin shirmen masu yin sa.

Sorkin ya ɗauko salon da ya yi masa aiki a The West Wing, mutane na tafiya cikin lungunan ofis suna magana da sauri kan manyan al'amura. A fadar shugaban ƙasa nauyin maganar ya dace da wurin, domin yaƙi da rayuka ake yanke wa hukunci. Da aka kawo wannan nauyi kan ko wasan minti huɗu zai fita, masu kallo da yawa sun ji abin ya yi yawa. Kasusuwan ƙarshe kamar sun amsa wannan zargi ne ta hanyar barin barkwancin gaba ɗaya: an sace ƙanen ɗaya daga cikin 'yan wasan, soja a Afganistan, Jordan kuma tana asibiti tsakanin rai da mutuwa wajen haihuwa.

Masu suka da masu kāre shi

Bayan batun dariya, zargin da ya fi yawa shi ne Sorkin ya mayar da wasan wurin rama gayya. Kamannin a bayyane suke. An kama shi da ƙwayoyi a filin jirgin Burbank a 2001, ya bar The West Wing a 2003 cikin rashin jituwa da kamfani, ya kuma yi soyayya da 'yar wasa Kristin Chenoweth, Kirista mai riƙo da addini wadda ita ma ta taɓa bayyana a shirin Pat Robertson. Masu wannan ra'ayi suna cewa gardamar Matt da Harriet kan addini ba gardama ba ce tsakanin tsara biyu, domin marubucin yana gefe ɗaya kuma shi ke rubuta wa ɗaya gefen amsa. Sun kuma soki yadda Danny ya nace wa Jordan da neman soyayya bayan ta ce a'a, wasan kuma ya nuna nacin a matsayin abin sha'awa. Wanda ya kalli wannan ɓangare bayan zarge-zargen cin zarafin mata da suka fito fili a Hollywood a 2017 zai gan shi da wani ido dabam.

Masu kāre wasan suna da nasu hujjojin, kuma ba na wasa ba ne. A talabijin ɗin Amurka na wancan lokaci da wuya a ga mai addini a matsayin tauraruwa mai hankali, mai ƙwarewa, wadda ke addu'a da abokan aikinta kafin a fita ba tare da an mayar da ita abin dariya ba. Sarah Paulson ta samu shiga takarar Golden Globe da wannan matsayi. A kasusuwa biyun da aka yi a wani ƙaramin gari na jihar Nevada, mutanen Hollywood sun shiga kotu suna ganin sun zo wurin ƙauyawa, alƙalin kuma ya nuna musu ya fi su sanin abin da yake yi, ya kuma gaya musu yadda shirinsu ke raina mutane irinsa. John Goodman ya ci Emmy a 2007 da wannan fitowa. Jack Rudolph ma, wanda aka gabatar kamar mugun labarin, a hankali ya zama mutumin da ke ɗauke da nauyin da masu fasaha ba sa so su sani.

Kashin Kirsimeti shi ne wanda har masu suka suke ɗaga wa hula. Danny ya lura makaɗan shirin suna ta kiran waya cewa ba su da lafiya. Da ya bincika sai ya gano da gangan suke yi, domin makaɗan New Orleans da guguwar Katrina ta 2005 ta raba da gidajensu su maye gurbinsu su samu na aika wa iyali. Sai ya ba su fagen baki ɗaya. Makaɗan gaske ne daga birnin, Troy Andrews na jagorantarsu da ƙaho, hotunan garin da ruwa ya ci suna wucewa a bayansu, babu mai cewa uffan. A nan wasan ya bar abin da ya nuna ya yi magana da kansa, abin da bai cika yi ba.

Mutuwar Matthew Perry ranar 28 ga Oktoban 2023, yana da shekara 54, ta ƙara wa wasan wani nauyi. Studio 60 ne babban aikinsa na talabijin na farko bayan Friends, shirin barkwancin da ya yi suna da shi, kuma a rabin zangon na biyu Matt ya faɗa shan ƙwayoyin kashe zafi a ɓoye yana ci gaba da aiki. Perry ya bayyana irin wannan jarabawa a rayuwarsa a littafinsa na 2022.

Abin da ya hango da abin da ya kuskure

Idan aka ɗora abubuwan 2025 a kan labarin, tsarin matsin lambar ya fito kusan yadda wasan ya zana shi. Kimmel ya yi maganarsa ranar 15 ga Satumba. Bayan kwana biyu shugaban FCC, Brendan Carr, ya ce a wata hira za a iya bin hanya mai sauƙi ko mai wuya, ya kuma yi kira ga masu tashoshin garuruwa su ɗauki mataki. Cikin sa'o'i Nexstar da Sinclair, manyan kamfanoni biyu masu tashoshin da ke ɗaukar ABC, suka ce ba za su nuna shirin ba, ABC ta dakatar da shi. A lokacin Nexstar tana neman sayen Tegna, wani kamfanin mai tashoshin garuruwa, kan dala biliyan 6.2, cinikin da ke buƙatar amincewar FCC. A ɓangaren Colbert, uwar kamfanin CBS, Paramount, ta amince ta biya dala miliyan 16 don sasanta ƙarar da Donald Trump ya shigar kan wata hira, Colbert ya kira kuɗin cin hanci a shirinsa, bayan kwana uku aka sanar da rufe shirin, bayan mako guda kuma FCC ta amince da haɗewar Paramount da kamfanin fina-finai na Skydance.

Jerin abubuwa ba hujjar cewa ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba, kuma kowane ɓangare yana da nasa bayani. CBS ta ce shawarar ta kuɗi ce zalla, rahotanni kuma sun ce shirin yana asarar miliyoyin daloli a shekara, ga kuɗin tallar shirye-shiryen dare da ya daɗe yana raguwa. Disney, mai ABC, ta ce ta dakatar da Kimmel ne don kada a ƙara hura wuta a lokacin da ƙasar ke cikin jimami. Carr ya musanta cewa barazana ya yi, yana mai cewa doka ta ɗora wa masu lasisi kula da maslahar jama'a. A ɗaya gefen, masu sukarsa sun haɗa har da Sanata Ted Cruz na jam'iyyarsa, wanda ya ce irin wannan magana daga jami'in gwamnati tana da haɗari, domin gobe wani ɓangaren ne zai riƙe wuƙar.

Inda wasan ya kuskure wuri biyu ne. Na farko, ya ɗora mafita kan jarumtar shugabanni. Da wasu masu talla suka janye, Jordan ta ce duk wanda ya gudu sai ya biya ƙarin kuɗi kafin ya dawo, kuma ta ci nasara saboda masu kallo sun ƙaru. A zahiri abin da ya zo tare da dawowar Kimmel shi ne hayaniyar ƙungiyoyin ma'aikatan fim, da 'yan wasa, da talakawan da suka shiga soke rajistarsu ta Disney+ da Hulu, dandalolin kallo ta intanet na kamfanin Disney. Na biyu, wasan ya ɗauka talabijin ce dandalin da ƙasa ke haɗuwa kuma haka za ta ci gaba da zama. Alhali tun Disambar 2005 wani gajeren bidiyon Saturday Night Live ya bazu a YouTube ya samu miliyoyin kallo, Google ta sayi YouTube kan dala biliyan 1.65 a makonnin da Studio 60 ke fara fita, Netflix kuma ta fara nuna fina-finai ta intanet a Janairun 2007. A cikin wasan, intanet wuri ne kawai na masu sukar da Matt ke raina wa hankali.

Wa abin ke shafa

Taurarin ba su cika shan wahala ba. Sorkin ya ci Oscar a 2011 da rubutun The Social Network, ya kuma koma HBO, tashar da ake biyan kuɗi kafin a kalla, inda dokar batsa ta FCC ba ta kai ba, ya yi The Newsroom daga 2012 zuwa 2014. Bill Maher ma can ya koma tun 2003. Masu ɗaukar nauyin rufe shiri su ne na bayan kyamara. Colbert ya ce mutum 200 ne ke aiki a shirinsa: masu haske, masu sauti, masu ɗinki, kafintoci, makaɗa da ƙananan marubuta, kuma idan nau'in shirin ne gaba ɗaya ke mutuwa, babu wani gidan da zai kwashe su.

Mai kallo kuma abin yana zuwa masa ta hanyoyi biyu. Garin da yake zaune shi ke yanke abin da zai gani: ranar da Kimmel ya dawo sama da mutum miliyan 6 suka kalle shi, amma a garuruwan da Nexstar da Sinclair ke riƙe da tashar ABC, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ƙasar, ba a nuna shi ba sai ranar 26 ga watan. Dokar da ta hana kamfani ɗaya mallakar tashoshin da suka wuce kashi 39 cikin 100 na gidajen ƙasar ita ce manyan kamfanonin suka yi ta neman a sassauta a 2025, kuma in an yi haka, mutane ƙalilan ne za su riƙa yanke irin wannan hukunci ga miliyoyi. Hanya ta biyu ta kuɗi ce. Barkwanci mai taɓa masu mulki yana ƙaura daga tashar da kowa ke kama wa kyauta zuwa wuraren da sai da kuɗin wata ko kuɗin data, kuma can ma akwai masu tacewa: dokokin kamfanin da ya mallaki dandalin, da masu talla da ke iya sa a cire wa bidiyo damar samun kuɗi. Bambancin shi ne tarar FCC ana iya kai ta kotu, kamar yadda CBS ta yi ta kuma yi nasara, shi kuwa hukuncin kamfanin intanet mafi yawan lokaci ƙorafinsa a hannun kamfanin yake ƙarewa.